Inda Auta Ta Ajiye Mota

Da magariba abin ya fara, a ɗan lokacin nan da rana ta riga ta faɗi amma haske bai gama sauka daga kan katanga ba. Baba Tela ya rufe shagonsa da ke jikin gida, ya lulluɓe keken ɗinki, ya fito tsakar gida da butarsa yana sauraren titi. Kullum haka yake yi, ko da yake ba zai yarda ya ce jira yake ba. A wannan lokaci autarsa take dawowa daga jami'a a cikin motarsa, kuma in gaskiya za a faɗa, ba wanda ya san wacce ya fi jira a cikin su biyun.

Tsohuwa ake kiran motar a gidan. Ta girmi Auta nesa ba kusa ba, fentinta ya koɗe, ƙofar direba sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Amma da hannunsa Baba Tela ya ɗinka wa kujerunta riguna, kuma kowace safiya shi yake goge ta yana mata magana ƙasa-ƙasa. Ranar da Auta ta samu shiga jami'a ya damƙa mata makullin a gaban kowa. Ita kuwa ba ta so ba. Ta gaya masa akwai bas ɗin ɗalibai da ke tsayawa a bakin titi, ƙawayenta wasu keke suke hawa, wasu su haɗu a mota ɗaya. Ta ce a jami'ar motoci sun fi wurin ajiye su yawa, mutum sai ya yi ta zagaye har lakca ta wuce shi. Ta bayan kunnensa maganar ta bi. Ya ce muddin yana numfashi ba za a matse masa 'ya a bas ba, wurin ajiye mota kuwa ai ƙasar Allah da faɗi take. Daga nan aka rufe zancen, kamar yadda ake rufe duk zancen da ya riga ya yanke.

Ranar da abin ya fara, Auta ta makara. Sai da aka idar da salla sannan Tsohuwa ta shigo da tarinta, tana warin ƙarfe mai zafi. Auta ta kashe ta, ta fito, ta gaida mahaifinta a gajiye. Maimakon ta wuce ciki, sai ta juya ta buɗe ƙofar baya, ta riƙe ta, ta ɗan ja gefe. Ta jima a haka, irin tsayuwar wanda yake jiran babba ya gama saukowa a hankali.

"Wa kika ɗauko?" in ji Baba Tela.

"Ba kowa, Baba."

"To me kike riƙe da ƙofa?"

Ta dubi hannunta a kan ƙofar, ta dubi kujerar da babu kowa a kanta. Ta rufe a hankali, ta shige ɗaki, ta bar jakarta a cikin mota, abin da ba ta taɓa yi ba.

Suna cin abinci dutsen farko ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangara, ya tsaya a indararo. Mama ta ɗaga kai ta ce yaran maƙwabta ne, gobe za ta ga uwarsu. Na biyu ya faɗo, sannan na uku, ba da gaggawa ba, tsakaninsu akwai shiru mai tsawo. Baba Tela ya fita da tocila ya zagaya bayan gida, bai ga ko kyanwa ba. Da ya dawo sai ya tarar da guda a tsakar gida. Tsakuwa ce ƙarama, baƙa, irin wadda ake zubawa a filin ajiye motoci. Ya sunkuya ya ɗauka, ya yi maza ya saki, don zafi ne da ita kamar daga murhu aka tsamo ta. Bai gaya wa kowa ba, ya sa yatsunsa a aljihu ya koma ya zauna.

Washegari da magariba haka aka sake, jibi ma haka. Da rana gidan lafiya lau, keken ɗinki yana ta ƙara, masu karɓar kaya suna shiga suna fita. Amma da zarar inuwar katanga ta rufe motar, sai tsuntsayen da ke kan wayar lantarki su tashi gaba ɗaya, iska ta tsaya, tsakuwa ta fara sauka. Daga baya sai kuka ya biyo. Kukan jariri ne, siriri, na wanda ya yi ta yi har muryarsa ta dushe, kuma daga cikin Tsohuwa yake fitowa, alhali gilasanta a rufe suke. Wata rana Baba Tela ya yi ta maza ya buɗe ƙofar baya. Kukan ya ɗauke. Kujerar ta lotsa a gefe ɗaya, rigar da ya ɗinka mata ta yamutse, da ya ɗora tafinsa sai ya ji wurin da ɗumi.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya sami Auta. Wata yamma ta fito da littafinta za ta zauna a tabarma, har ta durƙusa, sai ta miƙe da sauri ta ce, "Yi haƙuri." Ta nufi kujerar roba, ta tsaya a gabanta, ta girgiza kai. Ta je bakin rijiya, ta je dokin ƙofa, ta dawo tabarma.

"Ke, zauna mana, kin sa ni jiri," in ji Mama.

"Akwai mutum a nan, Mama."

"Ina mutumin? Ga kujera can."

"Can ma an riga ni."

Daga wannan yamma Auta ba ta sake zama ba. Zagaye take yi a tsakar gida, a hankali, hannuwanta a gaba a ɗan lanƙwashe, kanta yana juyawa dama da hagu. Duk inda ta ga sarari sai ta rage tafiya, idonta ya yi haske, ta matsa, sannan fuskarta ta faɗi ta wuce. In an kama ta an zaunar da ƙarfi sai ta yi ƙara kamar a kan garwashi aka ɗora ta. A tsaye ake ba ta abinci, Mama tana bin ta da cokali. An kai ta asibiti, a tsaye likita ya duba ta, ya ce gajiyar karatu ce, ya ba da maganin barci. Ta sha, idonta ya rufe, amma ƙafafun ba su tsaya ba.

Baba Tela ya riƙe maganar likita da hannu biyu, don ita ce ba ta taɓa motarsa ba. Ya ce jarrabawa ce ta matso, yaran yanzu ba su da juriya. Sai da ƙafafun suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fatar tafin ta fara tsagewa tana barin ɗigon jini a kan siminti, sannan ya daina faɗin haka. Mama ba ta yi masa faɗa ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Tana goge jinin da tsumma, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Yarinyar nan in ba ta zauna ba mutuwa za ta yi. Ka san haka, na san haka." Tsoro ya kama shi a lokacin, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya zama uba.

Bayan la'asar Malam ya iso a kan kekensa. Tsoho ne marar jiki, mai sanyin magana, wanda ake kira in abu ya fi ƙarfin asibiti. Ya jingine keken a bango, ya cire abin da ya matse bakin wandonsa da shi, ya tsaya yana kallon Auta tana zagaye. Ya dubi motar kuma, ya daɗe yana dubanta. Aka shimfiɗa masa darduma, ya ce a naɗe.

"Tun da ita ba ta zauna ba, ni ma ba zan zauna ba," in ji shi.

Ya shiga gefenta ya daidaita takunsa da nata, ya fara karatu. Haka suka yi ta kewaya tsakar gidan, tsoho da yarinya, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Rana tana sunkuyawa, inuwa tana cin siminti kaɗan-kaɗan. Baba Tela da Mama suna tsaye a jikin bango, ba mai kallon wani. Can sai tafiyar Auta ta sauya. Kafaɗarta ta hagu ta sauka, hannunta ya naɗe a ƙirji kamar mai rungume da goyo, ta fara ɗingishi. Da ta buɗe baki, muryar ba tata ba ce. Ta wata mace ce babba, a shaƙe, a gajiye.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni, kuma ɗana ya riga ya sha ƙuna."

Mama ta toshe bakinta da mayafi. Malam bai daina tafiya ba.

"Wace ce ke?"

"Mai wurin."

"Wane wuri?"

"Inda ta ajiye mota."

"Faɗi yadda aka yi. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Muryar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Mu ne ke ragewa? A wata bishiya muke tun kafin a kafa tubali ɗaya a makarantar nan. Suka sare ta, suka gina ɗakin lakca. Muka koma kwazazzabo, suka cike shi suka zuba kwalta, wai na motocin malamai. Muka koma bayan filin wasa, shi ma suka ja masa farin layi. Duk 'yan uwana sun watse. Ni da jinjiri ban iya tafiya mai nisa ba, na samu ɗan lungu a bayan laburare, tsakanin katanga da tsohon tankin ruwa. Ko akuya ba ta shiga. Na ce to, nan dai sun bar mana."

"Sai me?"

"Sai ga wannan da motarta. Tun hantsi take zagaye, ina jin ta. Ta fita ta dawo, ta fita ta dawo, tana kuka a kan sitiyari don an fara gwaji babu ita. Ta hango lungun, ta hau dakalin da ke bakinsa da ƙarfi ta shigo. Na rungume ɗana muka raɓe a ƙarƙashi, na ce ai za ta tafi. Da yamma ta dawo ta tayar, motar ta ɗau zafi tun ba a je ko'ina ba. Ta buɗe gaba, ta kwance lagireto. Ruwa yana tafasa ya zubo. Ba ta ambaci sunan Allah ba, ba ta ce a kauce ba. A bayansa ya sauka."

Daga cikin motar, siririn kukan ya tashi, ya sake kwantawa. Baba Tela ya sunkuyar da kai. Shi ya koya wa Auta kwance lagireto, har yana yabon kansa cewa 'yarsa ba ta buƙatar makanike.

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Malam, kuma da gaske ya faɗa. "An cuce ki. Amma yarinyar nan ba ta gan ku ba. Ke kuwa kina ganinta, kin san abin da kike mata. Dubi ƙafafunta."

"Na gani. Ina so ta san yadda rashin wuri yake."

"Ta riga ta sani tun kafin ki zo, da bakinki kika faɗa. Fita."

"In fita in je ina? Tun da ta hau dakalin nan, sauran ɗalibai suka gani. Yanzu wannan ta fita, waccan ta shiga, mai yana ɗiga, hayaƙi yana bin mu. A jikinta kaɗai na samu inda ba a yi mini fakin a ka. Bar min ita."

"Ba za ki same ta ba."

"To a yanka min wani abu."

"Ba a yanka wa kowa sai Wanda ya halicce ni da ke. Kada ki sake faɗa."

Ya ɗaga murya ya ci gaba da karatu. Jikin Auta ya ɗau karkarwa, ta yi tuntuɓe, ta dafa bango, ta bar shatin jini inda ta taka. Tsakuwa ta zubo a kan kwano kamar ruwan sama, sannan ta ɗauke lokaci ɗaya. A cikin shirun, kan Auta ya juya a hankali har idanunta suka sauka a kan Tsohuwa.

"A ba ni waccan," in ji muryar.

"Me za ki yi da mota?"

"A kai ta lungun a ajiye, kada a sake ɗauka. Na zauna da yaran nan na san su. Ba sa tsoron allon gargaɗi, ba sa tsoron masu gadi, mu ma ba sa tsoronmu. Abu ɗaya suke girmamawa: in sun ga mota a wuri, sai su wuce. Ta zame mana rufi."

Malam ya tsaya da tafiya a karo na farko. Ya juyo wajen Baba Tela, ya yi magana a hankali.

"Ba sadaka ba ce, ba kuma bauta ba. An rushe mata ɗaki, tana neman a mayar. Ina iya fitar da ita da ƙarfi da izinin Allah, amma zai ɗau lokaci, kuma ban san ko jikin yarinyar zai kai ba. Motar taka ce. Ba zan ce maka komai ba."

Abin kunya ne a faɗa, amma Baba Tela ya yi jinkiri. Bai daɗe ba, amma ya yi. Idonsa ya tafi kan rigunan kujerun, kan madubin da ya ɗaure da zare, kan duk safiyoyin da ya yi yana goge ta. Mama ta gani. Ta dube shi da wani irin kallo da bai taɓa gani a fuskarta ba tsawon zamansu, kuma ya san ba zai manta da shi ba.

"A ɗauka," ya ce. "A ɗauka mana."

"Kai za ka kai mu," in ji muryar. "Kai ka ɗora ta a kan hanya, kai za ka sauke mu. Zan fita yanzu, amma ƙafafunta suna hannuna sai mun isa. In jan garin nan na faɗuwar rana ya ɓace ba mu shiga lungun ba, zan dawo, kuma ba zan sake magana da kowa ba."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, hannunta ya faɗo daga ƙirji. Ta tsaya cak a tsakiyar gida, idonta a rufe, tana layi. Mama ta rungume ta ta baya ta yi ƙoƙarin zaunar da ita, amma gwiwoyin sun ƙi lanƙwasuwa. Ƙofar bayan motar ta buɗe da kanta. Motar ta ɗan sunkuya ta gefe ɗaya, sannan ƙofar ta rufe.

"Tafi," in ji Malam. "Ka yi bisimilla, kuma kada ka yi mata magana. Ina nan tare da su."

Rana tana dab da faɗuwa ya fita. Titi ya cika da masu komawa gida, mota a jikin mota, babura suna kutsawa. Bai dubi madubi ba. Ya karkatar da shi sama tun a ƙofar gida, amma bai iya karkatar da kunnensa ba. A bayansa ana numfashi, ana jijjiga wani abu a hankali, ana masa 'yar waƙa marar kalmomi. Duk ramin da ya faɗa sai kukan ya motsa, sai ya samu kansa yana rage gudu yana lallaɓawa, kamar lokacin da ya ɗauko Mama da Auta daga asibitin haihuwa. Allurar zafin inji tana hawa.

Bai taɓa shiga jami'ar da mota ba. Da ya wuce babbar ƙofa sai ya ga abin da aka daɗe ana gaya masa. Motoci ne a kan layi, a kan ciyawa, a kan hanyar masu ƙafa, wasu sun toshe wasu, wasu rabinsu a cikin kwata. Masu lakcar yamma suna ta zagaye a jere, kowa wuyansa a miƙe. Ya shiga layinsu don babu wata hanya. Ya tambayi laburare aka nuna masa, ya bi, ya tarar da hanyar a toshe, ya koma da baya, aka yi ta danna masa hon. Ya sake zagayowa ya ga kansa a inda ya baro. Gumi ya jiƙa masa riga. A yamma, jan da ke gindin sama ya fara komawa toka.

Da ƙyar ya gano tsohon tankin ruwan, ya hango katangar da fasasshen dakalin. Ya taka birki. Akwai mota a lungun.

Wata 'yar ƙaramar mota ce ja, ta shige daidai kamar don ita aka yi wurin. Numfashin da ke bayansa ya tsaya. Sanyi ya sauka a wuyansa, ya ji kujerarsa ta ɗan motsa, kamar an dafa ta. Ya fito da sauri ya ƙwanƙwasa gilashin jar motar. Wani ɗalibi ne a ciki, ya kwantar da kujera, littafi a buɗe a fuskarsa. Ya sauke gilashi yana mutsuttsuka ido.

"Ɗana, don Allah ka ba ni wurin nan."

Ɗalibin ya dube shi sama da ƙasa. "Baba, da sassafe nake da jarrabawa. A nan zan kwana. In na ɗaga yanzu, wallahi sai dai in ajiye ta a gidanmu in zo da ƙafa. Ka gwada bayan ɗakin taro."

"Nan nake so. Nan kaɗai."

"Kowa ma nan yake so."

Baba Tela, wanda bai taɓa roƙon kowa komai ba, ya durƙusa a kan tsakuwa ya kama ƙofar motar da hannu biyu. Ya faɗi komai, a birkice, 'yarsa, ƙafafunta, ruwan zafi, jaririn. Ɗalibin ya saurara, ya yi murmushin tausayi.

"Baba, na ji dabaru iri-iri a kan wurin nan. Wani ya ce min matarsa ce ke naƙuda a laburare. Amma taka ta fi ta kowa."

Bai rufe baki ba gilashin bayan Tsohuwa ya fara sauka. Hannun murɗawa ne da shi, mai tauri, kuma suna jin ƙararsa yana juyawa, a hankali, har ƙasa. Babu kowa a kujerar. Daga cikinta kukan ya fito, a fili, kusa, kukan jaririn da ke jin ciwo. Tsakuwa ɗaya ta faɗo a kan rufin jar motar, ta tsaya, fentin da ke kewaye da ita ya fara tashi.

Ɗalibin ya tayar da mota ya fita da baya, littafin yana zamewa daga cinyarsa, bai ko tsaya ɗaga kujerar ba. Kafin ƙurarsa ta kwanta wata mota ta riga ta kunno kai, mai ita ya hango gurbi. Baba Tela ya faɗa cikin Tsohuwa, ya sa giya, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya haye dakalin ya riga shi. Ƙarƙashinta ya gurji siminti, inji ya yi tari ya mutu da kansa. A sama saura ɗan siririn ja.

Ya zauna hannunsa a kan sitiyari. A bayansa aka sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Kukan ya yi ƙasa, ya koma shessheƙa, ya tsaya. Bai san ko ya halatta ba, an kuma hana shi, amma ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Allah ya ba shi lafiya." Ya bar makullin a jiki, ya fito, ya ɗaga ƙofar ya rufe. Yana tafiya ya ji gilashin baya yana hawa, sannan makullan ƙofofi suka faɗa ɗaya bayan ɗaya. Motar da ta biyo shi ta rage gudu a bakin lungun, mai ita ya leƙa, ya ga da mota, ya wuce.

Sai bayan isha ya isa gida a ƙafa, ƙura har gwiwa. A ƙofa ya tsaya, ya kasa turawa, don bai ji motsin komai a ciki ba. Babu tsakuwa, babu kuka, babu jan ƙafa a kan siminti. Keken Malam ba ya jikin bango. Ya tura.

Auta tana zaune a ƙasa a tsakar gida, ta jingina da Mama, ƙafafunta a miƙe an naɗe su da tsumma mai tsabta. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma nata ne. Ya zo ya zauna a gabanta, ya ɗauki ƙafafun ya ɗora a cinyarsa, a hankali, don kada ya fama mata. Mama ba ta dube shi ba, amma ta matsar masa da fitila.

"Baba," in ji Auta, da muryarta, ƙarama, a dushe. "Ka samu wuri?"

"Da ƙyar."

Ta gyaɗa kai kamar wadda ta san haka za a yi. Ya daɗe yana gyara bakin tsumman da bai buƙaci gyara ba.

"Haka kike yi kullum?"

"Kullum."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Ta dube shi, ba da fushi ba, barci yana jan idonta.

"Na faɗa maka, Baba."

Ya ci gaba da riƙe ƙafafun har ta yi barci a zaune, kuma bai motsa ba don kada ya tashe ta.